Irin Ciyawa a Cikin Safa

Jawo kujera ka zauna, in ba ka labarin mai wanki da guga na bayan layinmu. Mutum ne da ba ya ganin abu ya wuce sai ya tambayi dalili. Dukiyarsa saniya ɗaya ce, wadda mahaifiyarsu ta bar musu shi da yayansa.

Shekara biyu ruwan sama yana yi musu rowa. Mai wankin ya watsa irin ciyawa a filin bayan gida, a ɗan yi yayyafi, kafin irin ya farka ƙasa ta bushe. Saniya ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta. Yayan ya ce, "Ƙanena, in bana ma babu ciyawa, mahauci zan kira."

Rannan yana jiƙa kaya sai ya tsaya. In datti yana sakin jiki a ruwa, iri fa? Ya kwaso safar da masu kaya suka manta, duk ƙafa ɗaɗɗaya, ya ɗura musu iri, ya tsoma a baho.

Matarsa ta leƙo. "Malam, yau kuma ciyawa ce ta kawo wanki?"

"Ita kaɗai ce ba ta cewa na ƙona mata riga."

Ashe ita ma zai ƙona ta. Ya shanya irin a kan kwanon rufi da tsakar rana, kamar zanin gado, ya soye. Karo na biyu ya shanya a inuwa, ƙarƙashin teburin guga. Baƙar safa ta kwana ɗaya a ruwa zalla, ja a ruwa mai ɗan gishiri, shuɗiya kuwa kwana biyu cur, ya riga ya fid da rai ta ruɓe.

Aka yi yayyafi, ya shuka layi uku. Kwana huɗu, layin shuɗiyar ya yi kore shar, sauran tsilli-tsilli. Ya tsuguna yana ta jujjuya kai.

"Kada ka wahalar da kanka," in ji matar. "Wari ne ya ishe ni, safe da yamma nake canja wa shuɗiyar ruwa."

Yayan ya zo, ya taka filin daga wannan kai zuwa wancan, ya shafa wuyan saniyar. "A bar ta tukuna."

Har yau miji da mata suna musu a kan tabarma: shi ya ce kwana biyun ne, ita ta ce hancinta ne. Kai da kake zaune, wa za ka ba gaskiya?