Ranar Da Na Kasa Tsaya Wa Baƙon Gonata

A lokacin da abin nan ya faru ni manomin albasa ne a wani ƙauye kusa da Jega, ina da mata da ɗiya huɗu, ga baki kamar rediyo. Ba zan ɓoye muku ba, ni mutum ne mai son a gan shi a gaba. In ana taro sai na kutsa na zauna kusa da manya, ko ba a kira ni ba. Wannan halin ne ya sa na shiga tafiyar sanatan yankinmu tun yana ƙaramin ɗan siyasa mai yawo ƙauye-ƙauye a tsohuwar mota. Da Allah ya ba shi kujera bai manta da mu ba. Ya samo wa matasa aiki, ya sa aka gyara hanyar da motocin albasa ke kafewa a cikinta duk damina, sannan ya ce zai gina babban rumbun ajiya a wajen Aliero don mu daina sayar da albasa a wulaƙance saboda tsoron ruɓewa. Tun ranar da na ji za a nemi mai kula da rumbun nan, wallahi na sa shi a raina, ko barci nake shi nake gani.

Ina da wani amini Bafulatani wanda mahaifinsa ya saba sauka a gonar mahaifina, shi ma ya gaji sauka a tawa. Kun san yadda muke yi: in an kwashe gero da dawa, sai ya kafa ruga a gonar, shanu su ci kara su bar mana taki, ni kuma in kai masa damin hatsi. A wurinmu wanda ruga ta sauka a gonarsa shi ne mai masauki, kuma duk abin da ya taso shi ke tsaya wa baƙonsa gaban mai gari. Ina da saniya guda a hannunsa da yake yi mani kiwo, ban taɓa zuwa dubawa ba don na san tana hannun amana. Kullum muka haɗu sai tsokana. Yana kira na Sarkin Wari, wai ko wanka bakwai na yi albasa ba ta barin jikina, ni kuma in ce masa shi da sandarsa aka haife shi. Matata in ta yi tuwo sai ta ɗiba masa, matarsa kuwa ba ta taɓa karɓar ko sisi a kan nonon gidana ba.

Sai tsaro ya fara lalacewa. Aka kore shanun wani mutum a wajen Maiyama, aka ce sawun ya bi ta kusa da rugar aminina. Babu wanda ya gan shi da komai, amma magana ta bazu a kasuwar Jega. Sanata ya kira taro da hakimai da ardo-ardo da manoma, ya ce ba ya son a zalunci kowa, kuma ba ya son ɓarayi su ɓuya cikin mutanen kirki. Aka yanke cewa kowace ruga mai masaukinta ya tashi a gaban jama'a ya shaide ta, a rubuta, daga nan ba mai taɓa ta. Wadda ba ta samu mai shaida ba, hakimi zai ce ta nemi wani wurin. Ni a ganina ma abin ya yi daidai, don al'adarmu ce aka ɗauko.

Saura kwana biyu a yi shaidar, wani ɗan tafiyarmu da shi ma yake harin rumbun ya ja ni gefe. Ya ce mani in yi hankali, ana ta faɗa cewa na cika shiga Fulani, kuma in na tsaya wa wanda ake zargi, to in manta da rumbu, don ba za a ba abokin ɓarayi makulli ba. Ban tambaye shi wa ya faɗa ba. Ban je wurin sanata na ji daga bakinsa ba, alhali ina da hanyar ganinsa. Na dai koma gida na gaya wa matata yadda muka yi. Matata ta ce mani mutumin nan ya ci tuwonmu mun sha nononsa shekara da shekaru, me zan tsaya tunani a kai? Na daka mata tsawa na ce harkar siyasa ba ta mata ba ce. Tir da ni.

Ranar shaida da hantsi aka taru a ƙofar hakimi. Ana kiran ruga ɗaya-ɗaya, mai masauki ya miƙe ya ce ya san su, ya yarda da su. Da aka zo kan ta aminina, ya taso ya tsaya a tsakiya riƙe da sandarsa, har da ɗan murmushi, don shi a wurinsa an gama. Magatakarda ya tambaya wa ke tsaya masa. Ni da ba na iya yin shiru a taro, ranar sai na sunkuya ina gyara maɗaurin takalmina. Aka sake tambaya. Na ji idon mutane a kaina, na ƙi ɗagowa. Da aka tambaya na uku na ɗan saci kallo, muka haɗa ido sau ɗaya. Bai kira sunana ba, bai nuna ni ba. Ya dai gyara malafarsa ya koma ya zauna.

Bayan kwana uku ya zo ƙofar gidana da saniyata da 'ya'yan da ta haifa a hannunsa, har da wata maraƙa da ban ma san da ita ba. Ya yi sallama, ya ce ga amanata ya dawo da ita lafiya, ya gaya mani wadda ke tsoron kare da wadda ba ta son dusa mai ruwa. Na fara kame-kame ina cewa abin ya fi ƙarfina ne. Ya ce ba komai, Allah ya bar zumunci. Washegari gonar ta zama fili, sai turakun da suka bari.

Rumbun kuwa na samu. Na riƙe makulli, mutane na ce mani ranka ya daɗe, ina ta hura hanci. Ba a daɗe ba aka kama ɓarayin shanun can wani wuri, ba su da haɗi da aminina ko ta ina. Wata rana sanata ya zo duba rumbun, muna zagawa sai ya ce yana neman dattijon Bafulatani mai gaskiya da zai zauna a kwamitin sulhu tsakanin manoma da makiyaya, kuma an gaya masa akwai wani da ke sauka a gonata, in kawo masa shi. Jama'a, ƙasa ta ƙi tsagewa in shige. Na gaya masa gaskiyar abin da na yi. Ya ce shi bai taɓa cewa a hana kowa rumbu don ya shaidi baƙonsa ba, da na miƙe a ranar ma da ya fi yarda da ni. Bai ƙwace makullin ba, amma tun daga nan nake jin nauyinsa a aljihuna.

Na yi ta cigiyar aminina har na gan shi bara a kasuwar Jega, ya tsufa. Na riƙe hannunsa na roƙi gafara, ya ce ya yafe tun tuni, kuma na yarda ya yafe. Ya tambayi matata da yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi saniyar. Na roƙe shi ya dawo gonar, ya ce yanzu yana da mai masauki a wani gari kuma mutumin kirki ne. Duk tsawon hirarmu Malam yake ce mani. Na yi ta jira in ji ya ce Sarkin Wari ko sau ɗaya, har muka yi sallama bai faɗa ba. Na koma gindin wata bishiya na yi kuka, ni da furfurata.

Abin da na koya shi ne, ba sanata ya cuce ni ba, ba siyasa ba ce ta cuce ni, kwaɗayina ne da jin maganar wanda ban bincika ba. 'Yan'uwana masu bin manya, ku bi, ku nemi aiki da muƙami, ba laifi ba ne. Amma in aka ce da ku babba ba ya son ku faɗi gaskiya a kan maƙwabcinku, ku je ku ji daga bakinsa kafin ku yi shiru. Ni yanzu ina sayen takin zamani ina zuba wa gonar, albasa na yi. Amma duk kaka in an kwashe hatsi, sai matata ta leƙa wajen gonar ta dawo ta ci gaba da aikinta.