Jatau Yana Cikin Fili

A gidanmu na Taman Melati babu murhu, babu tsakar gida. Can sama muke a wani dogon bene, ɗaki biyu da 'yar baranda wadda in mutum uku suka zauna sai ɗaya ya naɗe ƙafa. Amma Kaka ta rantse ita ba ta yin tatsuniya babu wuta, ta ce wannan surutu ne kawai. Ranar da ta hura gawayi a wani tsohon kwano, maƙwabciyarmu ta hango hayaƙi ta kira mai gadi, ya zo yana ta kaɗa hannu yana cewa ba a yi, Kaka kuwa tana kallonsa kamar shi ne ya zo da rashin hankali. Daga ƙarshe ta haƙura da maganin sauro, mai naɗin nan kamar gammo. In ta kunna bakinsa ta ajiye a tsakiyarmu, ɗan jan idon nan shi ne wutarmu.

Kaka mahaifiyar Baba ce, daga wajen Kagoro. Baba ne ya kawo ta Kuala Lumpur a cire mata yanar ido, lokacin yana koyarwa a jami'a. Ni Rifkatu ina ƙarshen firamare, ƙanwata Talatu ko karatu ba ta gama iyawa ba. Hausarmu a lokacin abin tausayi ce. Kaka ta tambaye mu da Hausa, mu amsa da Turanci mu liƙa "lah" a ƙarshe irin na 'yan Malesiya, ita kuma ta ce, "Wannan la-la ɗin da kuke yi, waƙa za ku fara ne?"

Labarin Jatau tun farko na Baba ne. Akwai wani ɗan ƙwallon Sikotilan, mai tsaron baya, da Baba ya ƙwallafa rai a kansa tun yana saurayi. Sunansa na gaskiya ya ƙi zama a harshen Kaka, da ta ga hotonsa da jan gashi da jar fuska sai ta ce, "Wannan ai Jatau ne." Shi ke nan suna ya bi shi. Baba shi ma baya yake tsarewa a ƙungiyar mazan cocinmu, duk Asabar a wani fili a Sentul, da tumbinsa da komai. Bayan cin abincin yamma sai ya gutsura mana labarin kaɗan kaɗan: yadda Jatau ya taso a garin masunta, ya fara da ƙaramin kulob inda iska ke kwashe ƙwallo, babban kulob a Gilasgo ya ɗauke shi ya ajiye a benci, aka ba da aronsa, ya tsallaka Ingila, ƙafarsa ta karye, kowa ya ce tasa ta ƙare, ya dawo da ɗingishi ya ƙwaci wurinsa.

Ni abin haushi yake ba ni. Na taɓa ce masa, "Baba, mutumin nan ko ƙwallo ba ya ci. Me za a so a jikinsa?"

Ya yi dariya har tumbinsa na rawa. "Ke ba ki gane ba. Shi aikinsa ya tsaya kada abu ya wuce. In ya yi aikinsa da kyau, ba wanda zai ma san an yi wani abu."

Wata Juma'a ya kai mu inda aka kira Jatau ƙungiyar ƙasarsa karo na farko. Ga shi a lungun fitowa fili, sanye da shuɗiyar riga, yana jin algaitar mutanensu daga waje. Talatu ta ce, "Sai me?" Baba ya miƙe ya ce, "Gobe zai fito."

Washegari Baba ya faɗi a filin Sentul. Ba wanda ya taɓa shi. Abokansa sun ce yana tsaye yana nuna wa wani inda zai tsaya, sai kawai ya durƙusa. Jijiya ce ta fashe a kansa. Aka kwantar da shi inda ba a barin yara su shiga, na'ura tana yi masa numfashi. Mama ta koma kwana a kujerar asibiti. Idon Kaka da aka gyara, abu na farko babba da ya gani ras shi ne ɗanta a kwance da tiyo a baki. Da ta dawo gida ta shige bayi, ta daɗe a ciki famfo na zuba.

Da yamma Talatu ta ƙi cin abincin da matan coci suka kawo. Ta tsaya a bakin baranda ta ce, "Baba ya ce yau Jatau zai fito." Ta sake faɗa. Ta sake, har muryarta ta fara tsagewa. Ni na rasa inda zan sa kaina, saura kaɗan in mare ta don tsoro.

Kaka ta ɗauko ashana. Ta kunna maganin sauro, ta zauna ta miƙe ƙafa, ta ce da irin buɗewarta, "Ga ta nan tafe da ƙafarta."

Muka amsa yadda ta koya mana, "A shimfiɗa mata tabarma."

Wayyo, Kaka da ƙwallo! Matar da ko sau ɗaya ba ta taɓa zama ta kalli wasa ba. A bakinta alƙalin wasa ya zama sarkin fili, raga ta zama rumbu, abokan hamayya kuma ɓarayin hatsi. Jatau ya fito, ya tsaya a ƙofar rumbun Sikotilan. Aka turo masa wani dogo, ya tare shi da ƙirji. Aka turo gajere mai zillewa, ya tare shi da ƙafar nan da ta taɓa karyewa. Ƙwallo ta taso ta sama, ya sa goshi. Talatu tana gyara mata, "Kaka, ba a riƙe mutum da hannu!" Kaka ta ce, "To ya sake shi, amma bai matsa ba."

Da jirgin ƙasan unguwarmu ya wuce yana ƙara a kan gadarsa, sai Kaka ta tattara zaninta ta ce mu je mu wanke baki. Na lura da abu guda. Kullum in ta gama tatsuniya sai ta tafa hannu ta ce, "Ƙurunƙus, na naɗe tabarmata." Ba ta taɓa tsallakewa ba, ta ce tatsuniyar da aka bari a buɗe takan bi mutum har barci. Ranar ba ta faɗa ba.

Na ce, "Kaka, ba ki rufe ba."

Ta ce, "Yaya zan rufe mutum yana cikin fili?"

Talatu ta kama wannan magana da hannu biyu. Ban san yadda ta ƙulla abin a kanta ba, amma daga ranar, a wurinta, muddin Jatau na cikin fili to Baba na nan. Da safe kafin makaranta ba ta tambayar jikin Baba, sai ta ce, "Kaka, yana ciki ko?" Kaka ta ce, "Yana ciki." Sai ta ɗauki jakarta. Ni da nake ganin na girma na yi mata dariya, amma Allah ya sani, ni ma sai na ji amsar nan nake iya haɗiye shayi.

Haka muka shiga makonni. Mama takan shigo ta yi wanka ta fita, ta rame har zoben aurenta na juyawa a yatsa. Fasto ya zo, aka yi addu'a har muryoyi suka dushe. Maƙwabciyar nan da ta kai ƙarar gawayi ita ce ta riƙa rataye mana shinkafa a ƙofa. Kowace yamma kuma, in ruwan la'asar ya ɗauke, Kaka ta kunna wutarta.

Abin da Baba ya taɓa faɗa mata game da Jatau ba shi da yawa, nan da nan ya ƙare. Ta yi masa wasannin ƙasa, ta mai da shi benci, ta sa aka manta da shi, ta sa aka sake kiransa da wani ya ji ciwo. Ta ba shi kyaftin. Ta kai Sikotilan bakin shiga babbar gasa, aka zura musu ƙwallo ana dab da tashi, Jatau ya kwanta a ciyawa ya rufe fuska. Talatu ta ƙanƙame hannuna har farcenta ya shige. Kaka ta dube ta, ta yi sauri ta ce, "Sai ya tashi. Ai akwai wasa gobe."

Da labari ya ƙare mata sai ta fara sayar da shi. Yau wannan kulob, jibi wancan. Da garuruwan Turawan da ta sani suka ƙare, ta kawo shi Kafanchan, ya yi kakar wasa guda yana cin acca. Ta ɗora shi a jirgi ta sauke shi a Sentul, ya sha shayi a shagon mamak, wato na Indiyawan garin, ya ce ya yi zaƙi da yawa. Wani lokaci mukan yi dariya, sai mu tuna da Baba mu daina. Ina ganin yadda take lalube, tana maimaita wasan jiya da sabon suna, idonta a kan wayar da Mama ta bar mata.

Wata rana na gaji. Na ɗauki wayar na nemi sunan mutumin na gaskiya. Ashe ya daɗe da barin ƙwallo, gwiwa ta ci shi, ga hotonsa nan da furfura da ƙiba. Raina ya ɓaci kamar an cuce ni. Na same ta a kicin tana tuƙa tuwo na ce, "Kaka, ƙarya kike mana. Ya daina wasa tuntuni. Ga shi nan."

Ba ta ko kalli wayar ba. Ta ce, "A wayarki ya daina. A bakina bai daina ba."

"To Baba fa? Ki gaya mini gaskiya!"

Ta ajiye muciya. Ta riƙe bakin tukunya mai zafi ba ta ma ji ba. "Rifkatu, ni ba likita ba ce, ba Allah ba ce. Abin da nake da shi ke nan. Yarinyar nan tana cin abinci, tana barci. Ki bar ni in tsaya inda na tsaya." Sai ta juya ta ci gaba da tuƙi, tuwon da ya riga ya nuna.

Ban gaya wa Talatu ba. Da yamma ma ni ce na tuna wa Kaka cewa Jatau bai taɓa zuwa Jos ba.

Ranar da abin ya faru, wayar ta yi ƙara muna wanke kwanuka. Kaka ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Da ta fito ta canja ɗankwali, ta wanke fuska. Ta ɗauko ashana, tsinke na farko ya karye, na biyu ma, sai ni na kunna mata.

"Ga ta nan tafe da ƙafarta."

"A shimfiɗa mata tabarma."

Ta ce ranar an yi wasa mai tsawo, rana ta faɗi ana yi. Ɓarayin hatsi suka zo ta dama, suka zo ta hagu, Jatau bai matsa ba. Ƙafarsa ta kumbura, numfashinsa ya yi nauyi, bai matsa ba. Ba a zura masa ko ɗaya ba. Sai sarkin fili ya duba agogo ya busa usur. Jatau ya zauna a ciyawa ya kwance igiyar takalminsa a hankali. Mutanen da ke kallo duk suka miƙe tsaye, har waɗanda suka zo don su ga an ci shi. Ya ɗaga hannu ya gaishe su, ya waiwaya ya dubi 'ya'yansa mata biyu a cikin taro, ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya shiga lungun da ya fito.

Jatau bai taɓa samun 'ya'ya a labarin ba sai ranar.

Kaka ta ɗaga hannuwa za ta tafa, suka tsaya a sama. Sai ta haɗa su a hankali, ko ƙara ba su yi ba.

"Ƙurunƙus," ta ce. "Na naɗe tabarmata."

Talatu ta yi tsalle ta toshe mata baki da tafin hannu. "A'a! Kaka ki janye! Ki ce akwai wasa gobe! Ki janye, don Allah ki janye!" Da Hausa tsantsa ta faɗe shi, babu Turanci ko ɗaya. Kaka ta rungume ta da ƙarfi tana jijjiga ta, sai a lokacin na ji kukan uwar da ɗanta ya mutu, wanda ta danne tun ranar Sentul.

Na daɗe ina jin haushin makonnin nan, ina cewa an yi wasa da hankalinmu. Sai da na haifi tawa 'yar, na ga yadda zazzaɓi kaɗan ke hana ni numfashi, sannan na tambayi Mama. Ta ce tun makon farko likitoci suka gaya musu babu dawowa, kuma a gaban Kaka aka fassara. Ke nan tana sane. Kowace yamma tsohuwar nan ta zauna a ƙasar da ba ta jin yarenta, ta ƙirƙiro wa Bature sabon kulob, don wata ƙaramar yarinya ta ƙara kwana ɗaya tana da uba. Ba ta hana abin wucewa ba, ba wanda zai iya. Ta dai tsaya a gabansa iya ƙarfinta, kuma kamar yadda Baba ya ce, ba wanda ya san an yi wani abu.

Yanzu a Sentul nake zaune, in na leƙa ta taga ina hango inda filin yake. Kaka ta koma Kagoro, can aka binne ta. Ina yi wa 'yata tatsuniya da maganin sauro a tsakaninmu, kuma ina rufewa yadda aka koya mini. Amma in Talatu ta zo mana kwana, da ta ga na ɗaga hannu zan tafa, sai ta tashi ta shiga kicin ta buɗe famfo.