Man Shanu a Cikin Orga

Babana ne ke jagorantar waƙa a ƙaramar majami'armu ta Dakoro, kuma shi kaɗai ya iya kaɗa orga. Akwati ce ta katako mai haƙora farare da baƙaƙe, wadda wasu baƙi suka bari tun kafin a haife ni. Da ƙafa ake taka ta, iska ta cika zugazugin fata da ke cikinta, sannan ta yi murya. Ina ƙarama nakan jingina kunnena a jikinta, in ji tana numfashi kamar saniya a kwance.

Shekarar da na gama lise, wato babbar sakandare, zafin bazara ya busar da fatar. Baba ya yi ta takawa, gumi na bin wuyansa, amma rabin muryar ke fitowa. Ya ce kada kowa ya taɓa ta sai an samo mai gyara daga Maraɗi.

Akwai wata tsohuwa mai share majami'ar, wadda ta tashi cikin makiyaya wajen Korahane. A wurinta, fata in ta bushe maganinta ɗaya ne. Ranar kasuwa ta sayi man shanu, ta buɗe bayan orga, ta shafe zugazugin kamar yadda ake yi wa guga.

"Malam, taka ka ji," in ji ta ranar Lahadi. "Ƙishirwa kawai ke damunta."

"Iya, mi kika sa mata?" in ji Baba.

"Abin da kake sa ma tuwonka."

Aka yi dariya. Baba ya taka, sai murya ta cika ɗakin, irin wadda na sani ina ƙarama. Har ya ƙara mana baiti biyu don kada waƙar ta ƙare.

Ɓeraye ma sun ji ƙanshin. Da Lahadi ta zagayo, muka tarar da zugazugin kamar rariya. Baba ya durƙusa yana tattara guntayen fata a tafin hannunsa, ni ina tsaye a kansa, na rasa inda zan sa hannuwana. Mun kai wa baduku a kasuwa, ya ɗinka sabuwa da fatar akuya, iska ta riƙa fita ta kowace kafar allura. Daga Maraɗi kuwa aka aiko cewa mai gyaran ya tsufa, idonsa ya tafi.

Daga nan tsohuwar ta koma zama a bencin ƙarshe.

Har yanzu kowace Lahadi yakan zauna gaban orga. Ƙafafunsa na takawa, yatsunsa na bin haƙoran, ba abin da ke fita sai ƙas-ƙas ɗin katako. Da wannan muke gane inda za mu shiga waƙar. Wata rana bayan an watse na sake jingina kunnena a jikinta. Ban ji komai ba, sai ɗan ƙanshin man shanu da ya rage.