Nauyin Ƙofar Garejinmu

Matso kusa, ja tabarmar nan ka zauna, muryata ba ta kai nesa yanzu. Ƙofar maƙwabta na ji tana wani kuka da na sani, shi ya tayar mini da tsohon zance.

Ni haifaffiyar Salaga ce. Aure na biyu ya kai ni Yendi, bayan shekarar yunwar nan da dazuka suka yi ta cin wuta. Mijina na fari ya rasu, shi ma maigidan matarsa ta rasu, muka haɗu muka rufa wa juna asiri. Boko ban yi nisa ba, yawo kuma bai dame ni ba. Ka ba ni tsakar gida da murhu da wanda zan cika da surutu, ka gama mini komai. Amma Allah ya ba ni kunne. Daga ɗaki nakan san tukunyar da ta tsotse, na san wanda ya shigo daga jan takalminsa.

Maigida direba ne, yana da ƙaramar motar kaya ta kansa. Ya ɗauko doya daga Salaga, wani lokaci busasshen kifi daga Makango, ya kai Bawku, ya dawo da albasa. Gidan da muke ciki wani ma'aikacin gwamnati ne ya gina shi, shi ya sa yake da gareji, abin da babu a duk layinmu. Ƙofar faifan ƙarfe ɗaya ce, ana kama ta daga ƙasa a ɗaga, ta tafi sama ta kwanta ƙarƙashin rufi. Hagu da dama akwai sifirin, dogon ƙarfen nan mai naɗe-naɗe da ke miƙewa ya koma. Su ke ɗauke da nauyin, hannun mutum rakiya kawai yake yi musu. Wannan sai daga baya na sani.

Yana da doka guda: ba mai taɓa ƙofar nan sai shi. Ya ce ubansa bafatake ne, bai taɓa barin kowa ya kwance masa jakin gaba ba, shi ma ƙofar da abincinsa ke fita ya shigo ba zai bar wani hannu ya buɗe ta ba. Kullum bayan asuba ya yi bisimilla, ya sa hannu ɗaya, ta tafi sama. Ko ba ranar tafiya ba ce sai ya buɗe. In yana hanya kuwa, a buɗe take zama har ya dawo. Ni ban taɓa ɗaga ta ba ko sau ɗaya. Ɗakina ne ke jingine da bangon garejin, don haka da kunne kawai na san ta.

Farkon zuwana, kukanta mai laushi ne, zuuu, sai ta zauna a sama shiru. Shekaru suka ja, damina ta yi ta shiga ta tsagar rufi. Sai na fara jin ƙiiƙi a tsakiyar tafiyarta. Daga nan gefen hagu ya fara makara, dama ta riga shi, har ka ji ƙarfe na gogar bango. Rufewa kuma da, a hankali take sauka. Yanzu sai ta kufce masa ta buga ƙasa, kwanukan jerena su amsa.

Ina zuba masa koko na ce, "Maigida, ƙofar nan ta canza kuka."

"'Yar Salaga, kin fara. Shekaranjiya akuya ce ta canza kuka, yau ƙofa. Gobe kuma ni."

"Kai naka tuni ya canza, nishi kake yi in za ka ɗaga ta."

Ya yi dariya, ya ɗauko baƙin man mota ya shafe sifirin ɗin da tsumma. Ƙiiƙin ya yi shiru kwana biyu, ya dawo. Nauyin kam ko gezau.

Sai ta daina tsayawa a sama. Ya ɗaga, ya juya zai shiga mota, ta biyo shi a hankali. Ya shigo madafa ya ɗauki tsohuwar taɓaryata ya tokare ta. Na yi mita, na ce taɓaryar gadon uwata ce, ya ce ai aiki ya sama mata a gwamnati.

Hannu ɗaya ya koma biyu. Biyu suka koma har da gwiwa da kafaɗa. Bayansa ya fara ciwo, nakan narka man kaɗe in murza masa kafin la'asar. Ya sha sassaƙe daga Salaga, ya sha daga Garu, ya je asibiti aka ba shi ƙwayoyi. Rannan ina murza masa, fuskarsa a kife cikin filo, ya ce, "Na ƙare, 'yar Salaga."

"Wane irin zance ne wannan?"

"Ƙofar da nake ɗagawa da hannu ɗaya, ina riƙe da buta a ɗayan. Yau sai da na huta a tsakiya. Wanda ƙofar gidansa ta gagara, in taya ta fashe masa tsakanin nan da Bawku, wa zai ɗaga masa?"

"Ba kai ba ne, Maigida. Ƙofar ce ta yi nauyi."

"Ƙarfe yana ƙiba ne? Tuwonki yake ci?"

"Ni dai kunnena ya gaya mini. Ka bari a kira wani ya ɗaga, a ji."

"A kira wani ya ga abin da ya gagare ni." Ya ƙara kifa fuskarsa cikin filo. "Na gode da lallashi. Allah ya yi miki albarka."

Abin da ya gajiyar da ni ke nan. Duk lokacin da na faɗa, lallashi yake ji. Ya ɗauka irin maganar nan ce da mace ke yi wa miji don kada ya ji kunya. Kuma ba ni da abin nuna masa, tunda ban san nauyinta na da ba, balle in ce ga bambanci. Na faɗa da wasa, na faɗa da fushi, na faɗa ina kuka. Daga baya na koma narka man kaɗe kawai.

Kafin azumin wata shekara ya sayar da motar ga wani mutumin Walewale. Ban fita ba ranar. Daga ɗaki na ji an tayar da ita, na ji baƙon hannu a giya, don maigida ba ya sa ta kuka haka.

Bai daina buɗe ƙofar ba. Bayan asuba ya yi kokawarsa, ya kafa taɓarya, ya shimfiɗa buzu a bakin garejin da babu komai ciki sai tabon mai, yana amsa gaisuwar masu wucewa. Ni kuma ina ciki, kunnena na kan taɓaryar nan da ke tokare da ƙofar saman kansa.

Wata ranar damina, hadari ya taso da rana, maigida ya rufe ƙofar ya shigo. Muna cin abinci muka ji tau, kamar an harba bindigar mafarauta a bayan bango. Sifirin hagu ne ya tsinke, guntunsa ya ɓantari siminti. Washegari ya kama ƙofar, ko motsi ba ta yi ba.

Na aika wa ƙanena a Bawku. Mai walda ne, magidanci, ƙofofin shaguna yake yi, kuma shi da maigida ba sa haɗuwa ba tsiya. Ya zo da sababbin sifirin biyu a buhu, ya haura garejin ta taga, ya kira mu bakin tagar. Ya nuna mana na daman da bai tsinke ba. Tsatsa ta cinye shi, naɗinsa ya buɗe har yatsa na shiga.

"Mijin Yaya, wannan ya mutu tun ina da gashi a ka. Lafiyayye naɗinsa a matse yake. Da me kake ɗaga ta?"

"Da hannu."

"Kai kaɗai? Mu uku muke ɗaukar irinta a shago, har da zagi."

Maigida ya ce a canza wanda ya tsinke, a bar ɗayan. Ƙanena ya ce a'a, tare suka tsufa, tare za su tafi, in ka haɗa sabo da gajiyayye ƙofar karkacewa za ta yi. Ya kore mu baya kafin ya ja su, ya ce abin nan in ya kufce ba ya tambayar suna. Da ya gama ya ce, "Gwajin ba wuya. Ka ɗaga ta zuwa ƙugu ka saki. In ta tsaya, lafiya. In ta sauko, ko ta karkace, ko ta fara kuka, ka aiko mini, kada ka jira ta harbe ka. Bisimilla, ƙofarka ce, ba zan ɗaga maka ba."

Maigida ya gyara tsayuwa, ya sa hannu biyu da gwiwa yadda ya saba, ya yunƙura. Ƙofar ta tashi ta bugi rufi, shi kuma ya yi taga-taga. Ya jawo ta ƙasa. Ya sa hannu ɗaya. Zuuu, ta tafi ta zauna.

Ƙanena ya buɗe baki zai yi tsiya, na harare shi, ya haɗiye. Maigida ya daɗe yana kallon tabon man nan a ƙasa. Sannan ya ɗauko taɓaryar daga jikin bango ya miƙo mini, bai dube ni ba.

"Ungo, 'yar Salaga. An sallame ta daga aiki."

Bai sake sayen mota ba. Bayansa ya riga ya lalace da gaske, kuɗin kuma sun shiga cefane. Garejin ya zama wurin ajiye doyar mutane. Har ya bar duniya, kullum bayan asuba ina jin zuuu ɗin nan mai laushi ta bango.

To kai maƙwabcina, da ƙofarka ke kukan nan tun sallar da ta wuce, ina ji daga nan, yaushe rabonka da ka ɗaga ta zuwa ƙugu ka saki, ka ga ko za ta tsaya?