Ranar da Inna Uwaliya Ta Yi Magana Ba Gaisuwa

"Minti uku fa, Inna," in ji Khairiyya, tana dariya tana miƙa mata wayar. "Kin gaishe da matar liman, kin tambayi jikin Azumi, har akuyar Fatsuma da ta haihu sai da kika yi barka. Maganar awon ciki sai can a minti na huɗu."

"To so kike in faɗo wa mutane kamar an jefo ni?" Inna Uwaliya ta karɓi wayar ta goge gilashinta da bakin mayafi. "Ke 'yar nan, rashin gaisuwa ma koya muku ake yi a makarantar jinya?"

Suna zaune ne a benci, a barandar ƙaramin asibitin Malikanchi inda Khairiyya take aiki. Hantsi bai gama ɗagawa ba.

A Kudan aka haifi Inna Uwaliya, aure ya kawo ta nan. Shekara talatin ke nan tana ungozoma, rabin masu acaɓan garin ita ta yanke musu cibiya. Da aka fara kiran ungozomomi horo a Ikara ta je, ta dawo tana raka masu ciki asibiti da ƙafarta. Bara ɗanta ya aiko mata da babbar waya daga Zariya, Khairiyya ta buɗe wa matan unguwa zaure a Wasaf. Inna ba ta karanta boko, da hoto take gane kowa. Amma murya, wannan Allah ya ba ta. Duk Litinin takan danna ta ɗauki muryarta, ta yi wa mata bayani kan riga-kafi, gidan sauro, ruwan gishiri da sukari.

Sai dai ba ta iya fara magana ba tare da ta bi kowa da sunansa ba, daga babba zuwa ƙarami. Matan kuwa, kamar yadda suka gaya wa Khairiyya da bakinsu, sukan saurara har a zo kan sunansu, su amsa "lafiya lau, Inna" su kaɗai a tsakar gida, su ajiye wayar su koma kan surfe.

"Shi kuwa wancan," Khairiyya ta ce, dariyar ta ɗauke daga fuskarta, "daƙiƙa arba'in ya yi, kowa ya ji har ƙarshe."

Wancan wani mutum ne da ba a san ko waye ba. Shekaranjiya aka turo muryarsa zauren, yana cewa kumburin ƙafa ga mai ciki alamar ɗa namiji ce, a sha jiƙo da kanwa, ba sai an je asibiti ba.

Inna ta juya wayar a hannunta. Rahama take tunani, matar Tukur mai gonar rake, cikinta wata takwas, kuma na fari. Jiya ta gan ta a bakin rijiya, silifas ya ƙi shiga ƙafarta, tana dafe goshi. Ta tambaye ta, yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce ba komai. Mai cikin fari ba ta maganar cikinta, kunya ba za ta bar ta ba. Da ta ji sunanta ma a waya kashewa take yi. Inna kuwa ta san inda kumburi da ciwon kai suke kai mace. Ta taɓa riƙe wata tana jijjiga a bayan mota, ba su ƙarasa Ikara da ita ba.

"Danna mini," ta ce.

Khairiyya ta danna. Inna ta buɗe baki, "Assalamu alaikum, ina kwananku, ina gaj..." Ta tsaya. "Goge."

Sau uku ana gogewa. A na huɗu ta rufe ido, ta riƙe wayar da hannu biyu.

"Salamu alaikum. Uwaliya ce. Duk mai cikin da ƙafarta ta kumbura, kanta yana ciwo, ko tana gani dishi-dishi, ta zo a auna jininta yau. Yau, ba gobe ba. Ba zancen namiji ko mace ba ne, hawan jini ne, yana da magani. Wadda take jin kunya ta kira ni, ba wanda zai ji."

Ta sauke wayar a cinya kamar ta yi wa wani laifi. "Matar liman za ta ce na yi arziki na daina gaisuwa."

"Sai ki aika gaisuwar daban, Inna. Ki yi minti goma ma."

Haka ta yi. Ta kai kan Azumi ke nan sai wayar ta yi ƙara. Saƙo ne aka turo mata ita kaɗai, hoton furen da Rahama ta saka maimakon fuskarta. Inna ta kara a kunne. Muryar can ƙasa-ƙasa, ana jin kaji a bayanta.

"Inna, ina kwana. Wai... wata ƙawata ce ta ce in tambaya. In mutum yana ganin dishi-dishin tun jiya fa?"

Inna ta dubi Khairiyya. Khairiyya ta riga ta miƙe, ta shiga ɗauko abin awon jini.

"'Yata," Inna ta ce a cikin wayar, a hankali, "ki ce wa ƙawar taki ta saka hijabinta. Surukarta kuma ta bar ni da ita, ni zan yi mata magana. Ga ni nan."

Ta ɗaure wayar a bakin zani, ta laluba takalmanta a ƙarƙashin benci. A bakin titi ta ɗaga wa Ɗan'azumi mai acaɓa hannu, ta ce ya biyo ta gidan Tukur, akwai wadda zai kawo asibiti, kuma yau ba gudu. Ta yi gaba ta ratsa ta gefen masallaci, tana ɗingisa ƙafarta mai ciwon gwiwa.