Ƙwarin da Na Ɗauka 'Ya'yan Fara Ne

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ba zan manta da safiyar da wani ɗan ƙwaro da bai kai ƙwayar shinkafa ba ya kusa sa a tasa ƙeyata zuwa gida ba.

Lokacin ba a daɗe da samun 'yancin kai a Najeriya ba. Na sauke farali na maƙale a Makka, ba igama, wato takardar izinin zama, ina ban ruwa a lambun wani Balarabe a bayan unguwar Kudai. Bakin rijiyar lambun akwai wata itaciya mai siririn ganye da ya kawo daga Ɗa'ifa, safsaf suke ce mata. Ranar na taɓa reshenta sai wasu ƙananan ƙwari koraye suka yi ta tsalle. A ƙauyenmu duk abin da ya yi tsalle a ganye ɗan fara ne. Da shegen bakina na ruga na faɗa wa maigida.

Ya ce, "Fara? Ya Laɗif! Bayan azahar zan sanar da hukuma su zo feshi."

Sai a lokacin na tuna ma'aikata ba itace kaɗai suke dubawa ba, har takardar mai ban ruwa sukan tambaya. Tsoro ya kama ni sosai.

Na kama uku a hulata na nufi wajen wata tsohuwa 'yar Damagaram da ke soya fara a bakin kasuwa. Ta juye su a tafin hannunta, ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Ɗana, ka taɓa ganin jaririn fara da fiffike? Dubi yadda yake tafiya a karkace. An cinye ganyen?"

"A'a, Inna, ɗigo-ɗigon fari ne kawai a jiki."

"To tsotsa yake, ba ci ba. Shekara talatin ina cin abinci da fara. Da ita ce, da tun asuba ka gan ni da buhu a lambunku. Kalas, magana ta ƙare, mu je."

Ta yafa mayafi ta biyo ni, ta maimaita wa maigida da gurgun Larabcinta. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya fasa kiran kowa. Ni kuwa na zauna a bakin rijiya ina ta hamdala.

Daga ranar, duk abin da ban sani ba, sai masani ya gan shi kafin mai iko ya ji.