Bulala Uku da Na Yi wa Goɗiyar Likita

Shekarun baya can, a farkon shekarun saba'in, lokacin da in ka bar unguwar Bagdadiyya a Jidda ka miƙe hanyar Madina ba ka daɗewa za ka tsinci kanka cikin rairayi, na yi aiki a wata bargar dawaki da kawuna yake riƙe da ita. Filin na kafilinsa ne, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, wani attajirin Jidda, amma komai na ciki a hannun kawu yake. Dawaki goma sha huɗu ne, yawancinsu na Turawa da manyan 'yan kasuwa, suna ajiye su a wurinmu mu ciyar da su mu horar. Da la'asar kuma kawu yana koya wa masu sha'awa hawa.

Ni kuwa na zo daga Sudan ina da shekara ashirin da bakwai, da mata, da iƙama, takardar izinin zama, sabuwa fil, da girman kan da ya fi akwatina nauyi. A ƙauyenmu na bakin kogi an san ni da doki. Nakan saki sukuwa in zo gaban jama'a in finciki linzami, doki ya zame da ƙafafun baya, mata su rangaɗa guɗa. To mutumin da aka yi wa guɗa, wa zai koya masa hawa? Ranar da na fara ganin filin horon kawu sai da na juya baya don kada ya ga dariyata. Fili ne mai kusurwa huɗu, an share rairayinsa tas, an jera gwangwanayen fenti a gefe da haruffan boko a jikinsu, ga manyan mutane da gemu suna ta zagaye a hankali kamar masu neman allurar da ta faɗi.

Kawu ɗan siriri ne, ba ya son yawan magana. A Hartum ya koyi wannan horo, a hannun wani tsohon Baturen soja da ya yi wa aiki tun yana saurayi. Aikin da ya ba ni shi ne in bi mota bayan sallar asuba in kwaso barsim, ɗanyar ciyawar da dawakin can suke ci, da buhunan sha'ir. Saboda haka horon da yake yi da sanyin safiya ban taɓa gani ba, kuma gaskiya ban taɓa tambaya ba.

Akwai wata goɗiya ja mai farin goshi, ta wani dattijon likita Bature. A jirgin ruwa ya zo da ita daga ƙasarsu, kuma an ce shekara bakwai ya yi yana horar da ita da hannunsa. Saboda shi sauran Turawan suka kawo nasu dawakin, don in mai irin wannan goɗiya ya yarda da barga, kowa ya yarda. Da zafi ya tsananta sai ya tafi hutu gida, ya ce zai dawo bayan sati bakwai.

Ana haka kawu ya tashi zuwa Ɗa'if duba wani doki. Da zai shiga mota ya ce mini, "Ɗana, jar goɗiyar nan, ka ja ta da hannu ku zaga sau biyu a rana. Kada ka hau."

Na ce, "To, Kawu."

Ƙurar motarsa ba ta gama kwanciya ba na ɗaura mata sirdi. Abin da na gaya wa kaina shi ne tausayinta nake ji, wai doki kamar wannan an hana shi sanin daɗin gudu. Na hau, na kai ta ƙarshen fili, na yi yadda muka saba in za a saki sukuwa: na tattara linzami, na matse ta da ƙafafu. Maimakon ta zabura, sai ta lanƙwasa wuya, ta tattaro ƙafafun bayanta, ta fara ɗaga ƙafafu bibbiyu tana ajiyewa a wuri ɗaya. Ba ta yi gaba ba, ba ta yi baya ba. Na ƙara matsawa, ta ƙara ɗagawa sama.

Na ce, "Au, turjiya? Ni za ki yi wa?"

Na zuba mata bulala. Ba ta daina ba, sai ma ta ƙara himma. Na ƙara ta biyu, na ƙara ta uku da dukkan ƙarfina. A ta ukun ne ta zabura, muka zaga filin a guje, muka watsar da gwangwanaye biyu. Na sauka ina jin kaina, da dare a gidanmu na unguwar Hindawiyya har na ba matata labari, na ce yau na cire wa dokin Bature taurin kai.

Kwana biyu da dawowar kawu, na iso da barsim na tarar da shi tsaye a tsakiyar fili, riƙe da goɗiyar. Jikinta na ɓari, gumi ya yi mata kumfa a wuya. Bai ɗaga murya ba.

"Ka hau ta?"

Na ce na ɗan motsa mata jini ne.

"Da ka matse ta, me ta yi?"

Na kwatanta masa da hannu, har ina murmushi. Na faɗi maganar bulala ma, don a zatona abin yabo ne.

Kawu ya zauna a kan gwangwanin fenti. Sannan ya ce, "Abin da ta yi maka, taku a tsaye, shi ne ƙarshen ilmin nan gaba ɗaya. Doki ɗari za ka horar, da wuya biyu su iya. Shekara bakwai mutumin nan ya yi kafin ta ba shi. Kai ka hau ta rana ɗaya, ka tambaye ta ba tare da ka san ka tambaya ba, ta ɗauki mafi tsadar abin da take da shi ta miƙa maka. Yau na nema, ta ɗauka dukanta za a yi."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Kuma na san abin da ke biye: in likita ya dawo ya tarar an lalata masa goɗiya, zai ɗauke ta, sauran su bi shi, kafili ya rufe wurin. Wahalar kawu ta shekara goma sha biyu ke nan, na rushe ta da hantsi ɗaya. Na ce ko in koma Sudan, in ya so ya gaya wa likita cewa ya kore ni.

Ya ce, "Ka koma ka bar wa wa gyaran? Hannun da ya doke ta shi take tsoro. Yalla, maza ɗauko bulalar."

Wannan bulala ita ce aikina na sati biyu. Kawu ya ɗauke mini zuwa barsim, ya ce in riƙa shiga wurinta da bulalar a hannu, in ba ta abinci da ita, in yi mata wanka da ita. Kwanakin farko da ta hango ni sai ta manne da bango. Daga baya ya sa na fara shafa ta da bakin bulalar, daga wuya zuwa ƙafa, a hankali. Yakan ce, "Shuwayya shuwayya, sannu-sannu. Wannan yatsa ce, nuni ake yi da ita."

Ni ma sai da aka horar da ni. Ya ɗora ni a kan wani tsohon doki, ba linzami ba likkafa, ya riƙe doguwar igiya yana zagaya da mu. In na matse gwiwa ya ce in saki, in na riƙe numfashi ya ce dokin ya ji. Na ce doki ya ji numfashina? Ya ce in fitar da iska a hankali in gani. Na fitar, tsohon dokin nan ya tsaya cak. Tsigar jikina ta tashi. Shekara ashirin ina hawa, ashe ihu nake yi wa mai jin raɗa.

Da yamma in koma gida ina tafiya a buɗe, matata ta dafa ruwa tana gasa mini cinyoyi tana dariya. "Sannu barden Sudan, yau ma ɗalibta aka sha?"

A sati na biyar, ina tsaye a gefenta a ƙasa, na taɓa ƙafarta da bulalar, ta ɗaga sau biyu ta tsaya tana huci. Kawu ya ce, "Halas, ya isa, mayar da ita." Na ce mu ƙara mana, ga ta ta fara. Ya ce a'a, ana barin doki ne yana sauran so. Iyakar abin da muka samu ke nan har likita ya dawo, taku biyu, wani lokaci uku, kuma ba wanda ya sake nema daga kan sirdi.

Da sassafe likitan ya iso, da hularsa ta ciyawa. Tun a bakin ƙofa kawu ya tare shi ya gaya masa komai, har yawan bulalar, ina tsaye ina ji. Fuskar dattijon ta yi ja. Ya shiga wurin goɗiyar ya daɗe, yana yi mata magana da harshensu. Da ya fito ya dube ni, ya ce da gurguwar Larabcinsa, "Kai ka doke ta? Kai ka hau."

Na dubi kawu. Ya ce, "Ka ji Daktor."

Na hau. Muka zaga a hankali, irin zagayen da na taɓa yi wa dariya, har muka zo daidai inda abin ya faru. Na tsayar da ita da numfashi. Na ɗan rufe yatsuna a kan linzami, na jingina ƙafafuna da jikinta, ban matse ba. Sai na ji bayanta ya sandare a ƙarƙashina. Ta juyo da kunne ɗaya baya, tana saurarona. Wallahi na san abin da take jira, kuma ba ni da hanyar rantse mata sai dai in zauna shiru. Na zauna. Na buɗe hannuna na bar bulalar ta faɗi a rairayi.

Sai ta ɗaga.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Bayanta ya taso ya ɗauke ni, ƙafafunta suna sauka bibbiyu, daidai wa daida, kamar luguden mata biyu da suka daɗe suna daka a turmi ɗaya. Dabba mai ƙarfin da za ta iya jefar da ni ta tattake, ta tattara wannan ƙarfi duka ta riƙe shi a wuri ɗaya, don kawai na roƙa. Ba na jin komai sai ƙarar sirdi da saukar kofato, da muryar likita can gefe yana ƙirgawa ƙasa-ƙasa da harshensu. Bakina kuwa tasbihi yake yi ban sani ba.

Kawu ya ce, "Halas."

Na saki linzami. Ta miƙe wuya ta yi dogon huci, ta waiwayo ta shinshina ƙafata. Na sauka na kifa fuskata a wuyanta, ni barden da aka yi wa guɗa, ina kuka a gaban Bature. Likita ya sunkuya ya ɗauki bulalar, ya kakkaɓe rairayin, ya miƙo mini, sannan ya tambayi kawu ko barsim ɗin bana yana da kyau. Goɗiyar ta ƙara shekara huɗu a wurinmu.

Bayan rasuwar kawu ni na riƙe bargar, har gari ya zo ya cinye filin. Na koya wa mutane da yawa hawa, na ga dawakai masu kyau, amma ban sake jin abin da na ji a safiyar nan ba. Abin da har yau yake ba ni mamaki ba takun ba ne, sake yarda da ta yi. Ta san hannun, ta san wurin, ta kuma sake miƙo mini abin da na doke ta a kansa.

Yanzu na tsufa, saurin fushina bai gama barina ba. Amma in wani nawa ya tsaya a gabana yana yin abin da ban gane ba, na ji faɗa ya taso mini, nakan tuna cewa bayan bulalar farko ba ta gudu ba. Ƙara ɗaga ƙafa ta yi, tana zaton ban gani da kyau ba ne.